Yadda Ake Amfani da Ƙwayoyin Ƙarin Ƙarfe, Zinki, Aidin da Seleniyam

Duk sinadarin ƙarfen da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba. Zinki giram 2 zuwa 3 ne, aidin kuwa miligiram 15 zuwa 20 kacal, kuma mafi yawansa yana tare ne a ƙullutun tayrod da ke gaban wuya. Da wannan ɗan abin jini ke ɗaukar iska, rauni ke warkewa, ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke ginuwa. Wahalar sha'aninsu ita ce tazarar da ke tsakanin abin da jiki ke buƙata da abin da zai zame masa guba ba ta da faɗi. Ƙarfe ma jiki ba shi da hanyar fitar da rararsa da gangan, abin da ke zubewa a rana bai fi miligiram 1 zuwa 2 ba. Saboda haka ƙwayar ƙari ta mai giɓin da aka sani ce, kuma tana da ranar farawa da ranar dainawa.

A fara da awo

Kasala, jiri, haki da ɗashewar tafin hannu ba su isa hujjar sayen maganin ƙarin jini ba, don cututtuka da dama suna zuwa da su. Awo biyu ake buƙata. Na farko himogulobin, wato sinadarin jini mai ɗaukar iska: a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da giram 13 a kowace desilita ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai juna biyu, shi ne ƙarancin jini. Na biyu feritin, wanda ke nuna ƙarfen da ke ajiye. Idan ya gaza maikurogiram 15 a lita rumbu ya ƙare, likitoci da yawa ma tun daga ƙasa da 30 suke fara magani. A kula, feritin yana hawa idan akwai zazzaɓi, kumburi ko ciwon hanta, sai ya ɓoye ƙarancin. Gara a jira a warke kafin a auna.

Idan awo ya tabbatar da ƙaranci, sai a nemi inda ƙarfen ke tsiyaya. Ga mace mai haila, yawan zubar jini ne kan gaba. Namiji babba ko macen da haila ta ɗauke mata, in aka same su da ƙarancin ƙarfe, dole a binciki ciki da hanji: gyambon ciki, tsutsar hanji, yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da asfirin, wani lokaci har ciwon dajin hanji. Ƙwaya za ta ɗaga jinin, cutar kuma tana nan tana ci a ɓoye.

Zinki da aidin awonsu ga mutum ɗaya ba abin dogaro ba ne sosai. Na zinki yana sauka bayan cin abinci da lokacin ciwo, na aidin a fitsari yana sauyawa daga yau zuwa gobe. A nan yanayin mutum ake dubawa: ciki, shayarwa, gudawa mai daɗewa, tiyatar rage ciki, ko rashin cin nama da kifi kwata-kwata.

Karanta jikin kwalba

Babbar lambar da ke gaban kwali sau da yawa nauyin gishirin sinadarin ne, ba nauyin sinadarin kansa ba. Ƙwayar ferrous sulfate mai miligiram 325, ko busasshiyarta mai 200, ƙarfen cikinta miligiram 65 ne. Ferrous fumarate kashi 33 cikin ɗari ne ƙarfe, ferrous gluconate kashi 12, wato mai 300 tana ba da kimanin 35. Zinc sulfate mai 220 yana ɗauke da zinki 50. Kalmar da za ka nema a takardar ita ce elemental, lambar da ke gefenta da ita ake lissafi. Ka kuma bambance mg da mcg ko µg: maikurogiram 1,000 ne ke yin miligiram ɗaya, kuma aidin da seleniyam da maikurogiram ake auna su.

Daga nan ka jera duk abin da kake sha, ka tara. Ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe, maganin ƙarin jini na ruwa, garin ƙarin kuzari, ƙwayar gyaran gashi da farce, kowanne yana iya ɗauke da zinki ko seleniyam. Ana iya wuce iyaka ta haka, ba sai da kwalba ɗaya ba.

Ƙarfe

Buƙatar namiji babba miligiram 8 ce a rana, mace mai haila 18, mai ciki 27. Iyakar da ba a so a wuce ba tare da kulawar likita ba ita ce 45. Ga masu juna biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe tare da maikurogiram 400 na folik asid kullum.

Wajen maganin ƙaranci, tsohon tsari shi ne ƙwaya uku a rana. An sassauta wannan, kuma da dalili. Duk lokacin da aka sha ƙarfe mai yawa, hanta tana sakin wani sinadari mai suna hefsidin wanda ke toshe hanyar shigar ƙarfe daga hanji na kusan awa 24. Ƙwayar rana da ta dare sai su tarar da ƙofa a rufe, su zauna a hanji suna jawo tashin zuciya da taurin bayan gida. Don haka ƙwaya ɗaya mai miligiram 60 zuwa 65 da safe ta wadatar ga yawancin manya, wanda kuma cikinsa bai ɗauka ba ya sha yau ya tsallake gobe.

A sha da ruwa, ciki babu komai, awa ɗaya kafin karin kumallo. In zuciya na tashi, a sha da ɗan abinci kaɗan. Za a rasa wani kaso, amma ya fi a jefar da maganin bayan kwana huɗu. Shayi da kofi suna ɗaure ƙarfe, madara da ƙwayar kalsiyam suna gogayya da shi, don haka a bar awa biyu tsakani. Magungunan ƙwannafi da na gyambon ciki irin su omeprazole suna rage tsamin ciki, ƙarfe kuwa sai da tsami yake narkewa. Ruwan lemo ko bitamin C ba laifi, amma ba sharaɗi ba ne. Ƙwayoyin da aka lulluɓe don su narke a hankali sun fi sauƙi a ciki, sai dai sukan wuce farkon ƙaramin hanji, inda ake tsotse ƙarfen, kafin su buɗe. Sauƙin nasu daga nan yake.

Ƙarfe ma yana hana wasu magunguna aiki. Tsakaninsa da levothyroxine, maganin tayrod, a bar awa huɗu. A cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ciprofloxacin a sha shi awa biyu kafin ƙarfe ko awa shida bayansa, doxycycline da tetracycline a raba da awa biyu zuwa uku. Wannan ƙa'idar ta shafi zinki ma.

Bayan gida zai yi baƙi ko kore mai duhu, wannan ba komai. Wanda ya fito baƙi mai danƙo kamar kwalta, mai wari na daban, tare da jiri, wannan jini ne, sai asibiti. Maganin ƙarfe na ruwa yana ɓata haƙori, a sha da tsinken shan lemo a kuskure baki.

A sake awo bayan mako uku zuwa huɗu. Ana sa ran himogulobin ya ƙaru da kimanin giram 2. In bai motsa ba, ko ba a shan maganin yadda ya kamata, ko jini na ci gaba da zuba, ko hanji ba ya tsotsewa, ko kuma tun asali ba ƙarfe ne matsalar ba. Idan ya daidaita kada a tsaya, a ƙara wata uku don a cika rumbu, sannan a daina. Masu sikila da talasimiya, wata cutar jini ta gado, musamman waɗanda ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, da masu cutar tara ƙarfe ta gado, kada su taɓa shi sai awo ya nuna ƙaranci, don rarar a hanta da zuciya take taruwa. Inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, ba a bai wa yara ƙarfe barkatai sai tare da kariya da maganin zazzaɓin. Wani babban gwaji a tsibirin Pemba na Tanzaniya da aka wallafa a 2006 ya nuna ƙaruwar kwanciya asibiti a cikin yaran da aka bai wa ba tare da tantancewa ba.

Sai maganar ajiye maganin nesa da yara, wadda ake yi wa riƙon sakainar kashi. Miligiram 20 a kowane kilo na nauyin yaro yana fara sa amai, sama da 60 yana iya kisa. Yaro mai kilo 10 da ya haɗiye ƙwaya goma masu 65 ya riga ya wuce wannan. Gubar tana da yaudara: amai da gudawa a awannin farko, sai yaro ya yi kamar ya warware, daga baya hanta ta gaza. Kada a jira alama, a tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Zinki

Buƙatar namiji miligiram 11 ce a rana, mace 8, iyaka 40. Amfaninsa mafi tabbas shi ne a gudawar yara. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka sa shi tare da ruwan gishiri da sukari: miligiram 20 a rana ga yaron da ya kai wata shida, 10 ga wanda bai kai ba, tsawon kwana 10 zuwa 14. Ana narkar da ƙwayar a cokali da ruwa mai tsafta ko nonon uwa. In ya amayar cikin rabin awa a sake ba shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa ranar da gudawa ta tsaya, alhali sauran kwanakin ne ke gyara bangon hanji su rage dawowar ciwon a wata biyu zuwa uku masu zuwa.

Zinki, saɓanin ƙarfe, da abinci ake shan sa, don a ciki mara komai yana sa amai. Idan ana shan su biyun, ɗaya da safe ɗaya da dare.

Babban haɗarin yana ga manya masu shan 50 ko fiye kullum na tsawon watanni, wai don ƙarfafa garkuwar jiki ko ƙarfin namiji. Yawan zinki yana sa bangon hanji ya ƙera wani furotin da ke kama sinadarin jan ƙarfe ya hana shi shiga jini. Sakamakon shi ne ƙarancin jinin da ƙarfe ba ya gyarawa, raguwar fararen ƙwayoyin jini, dindiris a ƙafafu da tangaɗi wajen tafiya. Jinin yakan dawo idan an daina, jijiyoyin kuwa ba lallai ba, garin neman gira an rasa ido. Shi ya sa haɗin AREDS na masu ciwon ido na tsufa, mai zinki miligiram 80, aka sa masa jan ƙarfe miligiram 2. Zinkin da ake fesawa a hanci kuma a guje shi, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2009 cewa yana kashe jin ƙamshi.

Aidin

Babba yana buƙatar maikurogiram 150, mai ciki da mai shayarwa 250. Ga yawancin mutane gishiri mai aidin ya gama magana, hanyar da Suwizalan ta fara a 1922, Amurka ta bi a 1924, maƙoƙo ya ja baya a wurarensu. Gishirin da aka sa wa miligiram 20 zuwa 40 a kilo, giram 5 nasa yana ba da maikurogiram 100 zuwa 200. Ba a ƙara cin gishiri don neman aidin, a dai tabbatar wanda ake ci mai aidin ne, a ajiye shi a rufe nesa da danshi da zafin murhu. Gishirin teku da na dutse galibi ba su da shi sai in an rubuta.

Mai shirin ɗaukar ciki ita ce ta fi cancantar ƙwaya, maikurogiram 150 na potassium iodide a rana, tun wata uku kafin cikin, domin a watannin farko ɗan tayi da sinadarin tayrod na uwarsa kaɗai ƙwaƙwalwarsa ke girma. A duba, ba kowace ƙwayar masu ciki ke ɗauke da aidin ba. Iyakar aidin a rana a Amurka maikurogiram 1,100 ce, ta Turai 600. Ƙwayoyin ciyawar teku ba su da tsayayyen adadi, wata tana zarce iyakar nan nesa ba kusa ba. Mai tsohon maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle kada ya sa ran aidin zai narkar da shi, yana ma iya tunzura tayrod ya yi aiki fiye da kima, da bugun zuciya da rama da rawar hannu. Aidin na wanke rauni kuwa ba na sha ba ne.

Seleniyam da sauran

Maikurogiram 55 ne buƙata, iyaka 400 a Amurka, Turai ta sauko da tata zuwa 255 a 2023. Ƙarancinsa na gaske a yankunan da ƙasar nomansu ba ta da shi ake gani, kamar Keshan a arewa maso gabashin Sin, inda ya jawo ciwon zuciya ga yara da mata. Ga mai isasshe, ƙari bai da riba: wani babban gwaji mai suna SELECT da aka bai wa maza 200 a rana bai rage dajin ƙullutun prostate na maza ba, aka dakatar da shan a 2008. Alamun ya yi yawa su ne zubewar gashi, karyewar farce da warin tafarnuwa a numfashi. Jan ƙarfe, manganis, kuromiyam da molibdinam da wuya mai cin abinci daidai ya rasa su, kuma ba mu ga dalilin sayen su ɗaiɗai ba sai likita ya rubuta.

Ruwan ɗigo da ake tallatawa da cewa yana ɗauke da ma'adinai saba'in ko fiye ya fi kowanne buƙatar taka-tsantsan. Waɗanda jiki ke buƙata ba su kai rabin haka ba, ragowar kuwa ana iya samun dalma da arsenik a cikinsu. A Amurka, tun dokar 1994, ba a tantance irin waɗannan kayan kafin su shiga kasuwa, kuma a 2008 wani na ruwa da ya ƙunshi seleniyam ninki kusan 200 na abin da aka rubuta ya cutar da mutum 201. Ka zaɓi wanda ya faɗi adadin kowane sinadari da lamba, mai rajistar hukumar magunguna ta ƙasarka ko hatimin masu gwaji irin su USP da NSF, ka bar wanda ya ɓoye adadi a ƙarƙashin sunan haɗi na musamman. Ranar da ka buɗe kwalba, rubuta a jikinta kwanan watan farawa da ranar komawa awo.