Kurakuran da ke ɓata wa mutane dogon hutu da yawon abokai lokacin zafi

Duk shekara da zarar zafi ya shigo an ba da dogon hutu sai ka ga guruf-guruf na WhatsApp sun farfaɗo, wannan ya ce a je bakin ruwa, wancan ya ce a hau dutse, wata ta ce ai bikin ranar haihuwarta ma a ciki ya faɗo, kowa da zumuɗinsa. Kafin hutun ya ƙare kuwa wasu sun daina ga maciji da juna, aljihu ya bushe, jiki ya yi laushi, idan ka tambayi mutum me ya mora sai ya yi ta kame-kame. Na gaji da ganin ana maimaita abu ɗaya, musamman ƙannenmu da yanzu suka fara fita su kaɗai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Abin da zan faɗa yadda ni nake yi ne, wani yana iya samun wata hanyar da ta fi masa.

Na farko, kuma shi ne uwa uba, amsa kowace gayyata. An ce mu je, ka ce to. An sake kira daga wani ɓangaren, ka ce to. Ba don kana so ba ma wani lokacin, kawai kana jin nauyin cewa a'a, ko kuma kana tsoron gobe ka buɗe sitatus ka ga an yi abu ba kai. Sai ka wayi gari ranar Asabar guda ka ɗauki alƙawari uku, ka je na farko a makare, ka bar na biyu ana tsaka da hira, na ukun kuma ka kashe waya. Mutum uku ka ɓata wa rai a yini ɗaya, kai kuma ba ka ji daɗin ko ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne fita ta awa uku ba awa uku take ci ba. Akwai shiri, akwai jiran wanda bai gama shiri ba, akwai hanya zuwa da dawowa, akwai cunkoso, sannan akwai gajiyar da za ta bi ka har washegari. Wannan ba sakacin mutum ɗaya ba ne, haka ƙwaƙwalwar ɗan Adam take, tun 1979 masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky suka yi bayanin yadda kusan kullum muke rage lokacin da aiki zai ci a lissafinmu, ko da mun sha yin irinsa a baya mun ga ya ja. To tunda haka ne ni duk lokacin da na ƙiyasta wa fita sai in ƙara masa rabinsa, kuma ba na ɗora wani alƙawarin a bayansa.

Sannan barci. Babba yana buƙatar aƙalla awa 7 a dare, amma a hutu sai mutum ya jera kwanaki yana kwanciya ƙarfe biyu yana tashi da sassafe don a kama hanya, rana ta uku ko ta huɗu ka ga ya zama mai saurin fushi, magana kaɗan ya hau sama. Yawancin rigimar da ake yi a tafiya da ka bi diddigi za ka tarar ba maganar da aka faɗa ba ce ta jawo, yunwa ce da rashin barci da zafi suka haɗu.

Yadda nake yi yanzu, a mako babbar fita ɗaya ce, sai ƙarama ɗaya irin ta zama a yi hira da yamma, sannan akwai ranar da ba na ba kowa, ko wane ne. Idan aka gayyace ni ba na amsawa nan take, ina cewa bari in duba in faɗa maka gobe, kuma goben ina faɗa. Idan ba zan je ba ina cewa ba zan samu zuwa ba, a fili, da wuri. Wannan "zan gani" da "sai yadda ta yiwu" ɗin da kuke yi alhali kun san ba za ku je ba, wallahi ta fi a'a ciwo, domin an ajiye maka kujera a mota, an ƙirga da kai a abinci, wani ma an hana shi gurbin saboda kai. Ku daina.

Kuma a tuna ba kowa ne ya kamata ya samu rabo ɗaya a lokacinka ba. Robin Dunbar, wani masani ɗan Birtaniya, ya yi suna da bayanin cewa mutanen da mutum zai iya riƙe alaƙa da su ba sa wuce 150 da yawa, na jiki sosai kuwa wajen 5 ne. Su waɗannan biyar ɗin ne abin takaici muke ɗagawa, saboda mun san ba za su yi fushi ba, muna bin taron mutum ashirin da rabinsu ko sunan mahaifinsu ba mu sani ba. Fara sa ranar aminanka a kalanda tukuna, abin da ya rage a raba wa sauran.

Na biyu kuɗi. A nan raina yake ɓaci sosai don ya taɓa cin min abota. An shirya tafiya ta kwana, ana ta jan ƙafa wajen kama masauki da mota, ni kuma don kar wurin ya kuɓuce na biya duka da aljihuna a kan cewa kowa zai turo nasa. Ana gobe tafiya wasu suka janye, kuma a ganinsu tunda ba su je ba ba abin da ya hau kansu. Waɗanda suka je ma sai da na yi ta bi, yau gobe, yau gobe, har na koma kamar ni ne mai roƙo a kan haƙƙina. A cikinsu akwai wanda muka taso tare, kuɗin da nake bin sa ba wani mai yawa ba ne, amma daga tunin da na yi masa sau biyu ya ɗauke ƙafa, ni ma na ja jiki, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ba kuɗin ne ya fi damuna ba, mutumin na rasa.

Don haka ku ji da kyau, "kai dai biya, ma lissafa daga baya" ita ce maganar da ta fi kowace kashe zumunci a lokacin hutu. Haba jama'a, me ke da wuya a faɗi kuɗi tun farko? Kuna iya kwana kuna musu a kan wurin da za a je da kalar kayan da za a sa don hoto, amma da an zo maganar nawa kowa zai bayar sai kowa ya yi tsit wai kar a ce ya cika son kuɗi. Ni dai yanzu ba na kama komai sai kuɗin kowa ya shigo. Ana rubuta jimla a guruf kowa ya gani, kuɗin mota ko mai zuwa da dawowa, kuɗin shiga, masauki, abinci, da ɗan ƙari na ko-ta-kwana, a raba, a sa ranar ƙarshe ta biya. Wanda bai turo ba zuwa ranar to ba ya cikin tafiyar, ba faɗa ba gaba. Sannan tun kafin kowa ya biya ake faɗa cewa wanda ya janye bayan an kama wuri ba a mayar masa da kason da aka riga aka kashe, sai in ya samo wanda zai maye gurbinsa. Mutum ɗaya ke riƙe kuɗin, duk abin da ya kashe ya ɗauki hoton rasit ya tura. Akwai manhajoji irin Splitwise da ke yin lissafin wa ke bin wa, amma ko rubutu a waya ma ya isa, muhimmin abu a rufe lissafi a daren da aka dawo, kar ya kwana biyu.

Wani abu da ke manne da wannan, a kowace ƙungiyar abokai akwai wanda hannunsa bai kai na sauran ba, kuma ba zai taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Uzuri zai yi ta kawowa, yau ba shi da lafiya gobe an aike shi, ku kuma ku ce ya cika wulaƙanci ku daina kiransa. Idan ka lura da haka same shi shi kaɗai ku yi magana, kar ka rubuta a guruf wai "mu haɗa wa wane", wannan tozarci ne ko da niyyarka mai kyau ce. Kuma a riƙa cakuɗawa, in an yi fita mai tsada wannan makon na gaba a yi wadda ba ta cin komai, tattaki da yamma, ƙwallo, zama a gidan ɗaya daga ciki. Shi ma wanda ke cin bashi don kar a bar shi a baya, dan Allah ka tausaya wa kanka, hutu zai ƙare bashin yana nan.

In ana jiran sai kowa ya samu lokaci, ba za a taɓa fita ba. A kawo rana uku a yi ƙuri'a, WhatsApp ma tun 2022 yana da wurin kaɗa ƙuri'a, wadda ta fi rinjaye ita ce, wanda bai samu ba sai wani karon.

Lokacin tashi kuma in an ce ƙarfe bakwai a ba da minti goma sha biyar a tashi. Sau ɗaya in kuka tafi kuka bar mutum zai gyaru.

Sai shi kansa zafin rana, wanda matasa ke raina wa. Rana ta fi ƙarfi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, amma daidai lokacin ne za ka ga an fito hawan dutse da gorar ruwa ɗaya mutum huɗu. Duk abin da ke buƙatar ƙarfi a yi shi da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, tsakiyar rana a nemi inuwa. A sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo, kuma in fitsari ya yi duhu to jiki na neman ruwa ne. Idan ɗayanku ya fara jiri, ciwon kai, tashin zuciya, gumi na zuba, ku kai shi inuwa, ku sassauta masa kaya, ku ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ku jiƙa masa jiki. In kuwa ya fara sambatu, ko ya rikice bai gane inda yake ba, ko ya suma, jiki ya yi zafi rau, wannan bugun zafi ne, zafin jiki na iya haura digiri 40 a ma'aunin Celsius, kuma yana kisa. Ba a jira a ga ko zai warware, a ci gaba da sanyaya shi a nemi asibiti nan take, kuma kar a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Masu cewa fatarsu baƙa ce rana ba ta yi musu komai, tana yi, a sa hula, wanda zai daɗe a fili ya shafa man kare fata daga rana mai lamba 30 (SPF 30) ko sama, ya sake bayan awa biyu. Mota da aka ajiye a rana cikin minti goma zafin cikinta na iya ƙaruwa da wajen digiri 10, kar a bar yaro a ciki ko da an ce yanzu za a dawo.

Dafaffen abinci da aka ɗauko daga gida kar ya wuce awa biyu a waje ba sanyi, in zafin ya haura digiri 32 ma awa ɗaya ce. Ku zuba ƙanƙara a kula ko ku ci da wuri.

Ruwa kuma ba wurin burga ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum 300,000 ne ke mutuwa a shekara ta hanyar nutsewa, kuma da yawansu yara ne da matasa. Mai nutsewa galibi ba ya ihu ba ya ɗaga hannu yadda ake zato, numfashi yake nema, cikin ɗan lokaci ya yi ƙasa mutane na gefensa suna dariya. Wanda bai iya iyo ba kar a zuga shi, kar a tura shi da sunan wasa, ni duk wanda ya yi wannan a gabana ba ya sake bin tafiyata. In za a shiga kwalekwale a sa rigar kariya, kuma kullum a bar mutum ɗaya a waje idonsa na kan waɗanda ke ciki, ba kan waya ba.

Waya a yi mata caji a cike, a riƙe abin ƙarin caji, kar a bar ta a rana domin yawancin wayoyi an yi su ne su yi aiki a ƙasa da digiri 35, sama da haka batir ke lalacewa. A sauke taswirar wurin a Google Maps tun a gida saboda inda ba sabis. A faɗa wa wani a gida inda za a je da lokacin da ake sa ran dawowa, da lambar mutum ɗaya cikin abokan tafiya.

Hoto ma ina da magana a kai. A ɗauka, ba laifi, amma wasu tun daga sauka mota har dawowa suna bayan kyamara, a sake, ban yi kyau ba, a sake, mutum shida na tsaye a rana suna jiran mutum ɗaya. A ware ɗan lokaci a yi hotunan a gama a mayar da waya aljihu. Kuma kafin ki ɗora hoton ƙawarki ko ka ɗora na abokinka a tambaye shi, wani bai faɗa wa wurin aikinsa inda yake ba, wata ba ta son fuskarta a intanet kwata-kwata, haƙƙinta ne.

Na ƙarshe da nake yawan gani, a cika kwanakin ƙarshen hutu da tafiya mai nisa, a dawo daren Lahadi, Litinin da safe aiki ko makaranta. Ni ina rufe yawo saura kwana biyu ko uku a koma, in wanke kaya, in biya duk wanda ke bina in tuna wa wanda nake bi, sannan in riƙa matso da lokacin kwanciya da rabin awa kowane dare har ya dawo inda yake kafin hutu.