Haidurojel mai sauyawa da zafi: inda aiki ke lalacewa wajen ƙara masa ƙarfi

Haidurojel raga ce ta polima (dogayen sarƙoƙin sinadari) da ke shan ruwa ta kumbura ba tare da ta narke ba, irin garin da ke cikin kunzugun jarirai na zamani. Daga cikin masu sauya hali da zafi, jel ɗin polimar da ake kira PNIPAM ne aka fi sani: cikin sanyi ya kumbura, da zarar zafi ya haura digiri 32 sai ya tsuke ya amayar da ruwansa. Aibinsa ɗaya ne, rauni. Ka ɗaga shi da hantsaki ya dare kamar kafaffen koko.

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne ƙara MBA, sinadarin da ke ɗaure sarƙoƙin polima da juna. Nan ne babban kuskuren. Yawan ƙulli yana gajarta sarƙar da ke tsakani, sai jel ya yi tauri a taɓi amma ya yi gautsi, kumburinsa kuma ya faɗi warwas. An yi asara biyu ke nan. A bar MBA wajen kashi 1 cikin 100 na monoma (ƙananan sinadaran da ke haɗuwa su zama sarƙar polima), a nemi ƙarfi ta wata hanya.

Hanya ɗaya ita ce ta masanin kimiyya Haraguchi, wanda a 2002 a Japan ya cire MBA gaba ɗaya ya sa Laponite, wani yumɓu da ake ƙerawa a masana'anta, a madadinsa. Faya-fayan yumɓun, masu kaurin kusan nanomita 1 (kashi ɗaya cikin miliyan na milimita), su ke riƙe sarƙoƙin, jel ɗin kuma yana miƙewa fiye da ninki goma bai tsinke ba. Amma sai yumɓun ya warware sarai. Wanda ya juye garin gaba ɗaya zai samu gudaji kamar na tuwon da aka yi wa gaggawa, kuma kowane gudaji nan ne jel zai fara tsagewa. A barbaɗa shi kaɗan-kaɗan cikin tataccen ruwa ana juyawa har ruwan ya yi garau, sannan monoma, sannan sinadarin tayar da haɗi a ƙarshe, domin gishiri ne, yana dunƙule yumɓu idan suka daɗe tare. Farar ƙasar Kankara kuwa, duk da arharta, ba ta maye gurbin Laponite, don faya-fayanta ba sa rabuwa cikin ruwa.

Ɗaya hanyar ita ce raga biyu, wadda masaniyar kimiyya Gong ta fito da ita a Jami'ar Hokkaido a 2003. Raga ta farko a ɗaure ta tamau, MBA kashi 4. Ta biyu sako-sako, kashi 0.1, kuma ta fi ta farko yawa nesa ba kusa ba. Ta farko ke kakkaryewa ta shanye ƙarfin ja, ta biyu ta riƙe jikin. Idan aka ɗaure su daidai wa daida, gautsin yana nan. A jiƙa ragar farko cikin monoma na biyu aƙalla kwana ɗaya, in ba haka ba tsakiya za ta fito fayau. Masu haɗawa da aljinet, polimar da ake samu daga ciyawar teku, su guji ɗaure shi da kalsiyam kuloraid, yana kama shi nan take ya yi kwalli-kwalli; kalsiyam salfet ya fi, don a hankali yake narkewa.

Sai abin da ya fi cin mutane a Kaduna. A Maris da Afrilu ɗakin gwaji yana wuce digiri 32 da rana, ballantana an ɗauke wuta fanka ta tsaya, haɗin shi kansa kuma yana fitar da zafi. PNIPAM da aka haɗa a haka fari fat yake fitowa kamar kindirmo, cikinsa duk ramuka, ba shi da ƙwari. Akwai masu yin hakan da gangan don jel ya riƙa tsukewa da sauri, amma mai neman ƙarfi ya sa kwalbar cikin ruwan ƙanƙara yayin zuba APS da TEMED, sinadaran tayar da haɗi, ya bar haɗin ya kammala a wajen digiri 20. Haka awon kumburi: wanda aka yi a kan tebur da azahar ba kumburi aka auna ba, tsukewa ce.

Idan saman jel ya yi danƙo ko ya ƙi kamawa, iskar oksijin ce. A busa naitirojin minti 20 zuwa 30, a rufe ruf. APS kuma yana jan laima, a narka sabo ranar aiki.

Wajen awo, ruwan burtsatse ko na famfo ba ya yi. Kalsiyam ɗin cikinsa yana tsuke jel mai asid na akirilik, wanda dama sai pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya haura wajen 4.5 yake buɗewa. A wanke samfur kwanaki ana sauya ruwa, da safar hannu, don ragowar monoma irin akirilamaid guba ce ga jijiya. A yanka samfura kauri ɗaya, tunda ninka kauri sau biyu yana ninka lokacin kumburi sau huɗu. Lokacin hunturu a goge ruwan sama da takardar tacewa a ɗora a sikeli nan take, busasshiyar iska tana rage nauyi kana kallo. Ƙarfi kuma a gwada shi bayan jel ya gama kumbura, ba ranar da aka ciro shi daga mazubi ba.