Yadda na gyara IEM ɗina da kunnen hagu ya yi ƙasa

Kunnen hagu na IEM ɗina (abin sauraren sauti da ake cusawa cikin kunne) ne ya fara yin ƙasa-ƙasa, murya duk ta karkata dama, wani lokacin ma in na juya kai sai ya ɗauke gaba ɗaya. Kaya mai tsada haka, wallahi raina ya ɓaci.

Da yake kebul ɗin mai cirewa ne, mahaɗinsa irin wanda ake kira MMCX, sai na musanya, na hagu na sa a dama. Ɗaukewar ta bi kebul ɗin amma ƙarancin sautin ya tsaya a hagu, ashe matsala biyu ce. Shi MMCX juyawa yake yi a soket, gumi da ƙura suna taruwa a wajen, na ɗiga sipirit irin isopropyl a auduga na goge kan, na bari ya bushe sannan na danna har ya ce ƙas.

Sai na cire robar kunnen na haska tocila, ragar bakin ta toshe da dattin kunne. Na kifa bakin ƙasa na goge a hankali da busasshen buroshin haƙori. Don Allah kar ka sa allura, in ragar ta huje datti zai zarce ciki kan direba, wato 'yar sifikar da ke fitar da sauti. Yanzu duka biyun daidai suke.