Yadda ake gasa kek a tukunyar yashi ba tare da ƙasansa ya ƙone ba

Duk wadda ta zo wurina koyon kek, tambayarta ta farko ita ce wane oban za ta saya. Ni kuwa shekara biyu na yi ina sayar da kek a unguwarmu da tukunya da yashi da kurfoti kawai. Ko kina da oban na lantarki ma ki koyi wannan hanyar, don ranar da aka ɗauke wuta kek yana ciki ba wanda zai ba ki haƙuri.

Ki tanadi fulawa giram 250, bota giram 250, sukari giram 200, ƙwai 5, bekin fauda ƙaramin cokali biyu, sai filebo da ɗan gyaɗar ƙamshi. Don Allah ki sayi sikeli. Awon gwangwani shi ke sa na yau ya yi daɗi na gobe ya zama dutse, mai saye kuwa ba ruwansa da uzuri. Ni botar Simas nake sa wa na sayarwa, don ta gwangwani ba za ta fitar miki da kuɗinki ba.

Ki buga bota da sukari da muciya har su yi fari su tashi, kamar minti 20 idan da hannu ne. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kada ki juye su gaba ɗaya, haɗin zai tsinke. Ki tankaɗe fulawa tare da bekin fauda, ki zuba kaɗan-kaɗan kina juyawa a hankali. Daga nan babu sauran bugu. Wannan duk kowa ya iya.

Inda ake faɗuwa wuta ce. Ranar sunan ɗan ƙanwata na ɗauki alkawarin ƙananan kek 60. Na cika kurfoti da gawayi, na fifita shi ya yi jajir, na dasa gwangwanayen kek kai tsaye a kan yashi. Ƙamshi ya cika gida, ina ta murna. Da na buɗe, samansu fari fat, cikinsu kamar kunu, ƙasansu kuwa baƙi ƙirin. Na zauna a bakin murhu ina kankare su da wuƙa ina hawaye, ƙarshe cincin aka raba wa mutane.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Yashi aikinsa ya riƙe zafi ya raba shi daidai, amma shi kansa ya fi iskar cikin tukunyar zafi nesa ba kusa ba. Saboda haka gwangwanin kek ba ya taɓa yashi. Ki samu yashin rafi mai tsabta, ki wanke shi ya bushe sarai, ki zuba a tsohuwar tukunya mai kauri, tudunsa kamar yatsu biyu. Kada ki ɗauko tukunyar kayan ɗakinki, yashi yana cin gindinta. Ki kifa gwangwanayen tumatir uku a kai, ki ɗora faranti ko waya, a nan kek zai zauna. Ki rufe tukunyar babu komai ta yi minti 15 a wuta.

Kafin ki sa kek, ki barbaɗa ɗan fulawa a farantin ki rufe. Idan cikin minti ɗaya ta yi baƙi, wuta ta yi yawa, ki rage. Idan ta ɗauki 'yan mintuna kafin ta yi ja, to kin kusa zafin da oban ke bayarwa a lamba 180. Gawayin kuma ba mai ci bal-bal ba, wanda ya ruru har toka ta fara rufe shi. Ki kwashe fiye da rabinsa ki jera a kan murfi, ki bar kaɗan a ƙasa. Wutar sama ita ke gasa kek ta ba shi kala, ita ce kuma ke hana gumin murfi ɗiga a kansa. Masu gas su mayar da wuta can ƙasa-ƙasa, su ma su nemi garwashin murfi.

Ki riƙe hannunki. Ƙanana kada ki buɗe kafin minti 15, babba kafin 30, in ba haka ba tsakiyarsa ta lotsa. Ƙanana kan gasu a minti 20 zuwa 25, babba ya kan kai awa ɗaya. Ki soka tsinke, in ya fito a bushe ki sauke.

Ya huce sosai kafin ki sa a leda, mai ɗumi yana gumi ya lalace da wuri. Ki rubuta kuɗin komai a littafi, har gawayi da leda da kuɗin keke Napep zuwa kasuwa, ki raba da yawan kek ɗin kafin ki yanka farashi. A bayan nawa littafin na zana shagon da nake buri: tebur huɗu, shayi mai citta da kanumfari, kek a cikin gilas. Kwasar adashena mai zuwa ta gilas ɗin ce, oban ya jira tukuna.