Yadda Ake Haɗa Taron Sallah Na Tuna Aikin Sojan Mahaifi a Legas

Mu 'ya'yan bariki ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya yi ritaya yana samanja, kuma da ya gama zamansa a cibiyar koya wa sojoji masu barin aiki sana'a da ke Oshodi bai koma Katsina ba, ya kama gida a Agege, nan muka ƙarasa girma bayan mun bar barikin Ikeja. Tun da ya rasu duk Babbar Sallah muke haɗuwa a gidan, mu yi zumunci, mu yi masa addu'a, mu ba yara labarinsa. Na ga gidaje da dama na 'yan'uwanmu 'ya'yan mazan jiya sun gwada irin wannan taron, a Agege da Idi-Araba har Alaba Rago, kuma kusan duk wuri ɗaya suke tuntuɓe: a ci nama, a sha lemo, a ɗauki hoto, a watse, yaro ya koma gida abin da ya sani kawai shi ne wai kakansa soja ne. A ina ya yi aiki? Oho. Toh wannan nake so mu gyara. Girki da yadda ake addu'a ba sai na koya wa kowa ba.

Fara da tsayar da rana, kuma kar ka sa ranar Sallah. Ranar nan kowa yana fama da Idi da yanka da fiɗa, wanda ke Ikorodu ko Ajah ba zai baro ragonsa ya shiga gosulo saboda kai ba. Washegari bayan Azahar shi ne daidai, an soya nama, ana cikin hutun gwamnati, hanya ma da sauƙi. Ka sanar tun wata guda kafin nan a gurup ɗin gida na WhatsApp, domin rabin danginmu na Ikko, wato Legas, arewa suke tafiya Sallah, in ka makara sai ka tarar sun riga sun kama mota. Shekarun nan kuma Babbar Sallah a watan Yuni ta riƙa faɗowa, 2023 da 2024 da 2025 duk haka, tsakiyar ruwan Legas ke nan, don haka rumfa dole ce, kuma in gidan haya ne a sanar da mai gida da maƙwabta. Wani zai ce maka ai taron tuna mamaci bidi'a ne. Mu dai ba ranar rasuwa muka ware ba, ziyarar Sallah ce da ma ana yinta, muka ƙara addu'a da labari a kai. Ka faɗi haka tun farko a gurup kafin gardama ta tashi.

Sai akwati. Duk tsohon soja yana da akwatin ƙarfe ko wata jaka da ba a taɓawa. Ka buɗe ta mako biyu kafin Sallah, ba ranar taro ba, kuma a gaban mahaifiya in tana raye, don ita ce mai haƙƙi. Abin da kake nema: takardar sallama, katin fansho, lambobin yabo, hula, hotuna, wasiƙu. Lambar sojansa tana jikin takardun, ka rubuta ta daban. Danshin Legas ba ya raga wa takarda, za ka ga hotuna sun manne da juna sun yi funfuna, kar ka ja da ƙarfi fuskar mutum ce za ta ɓare, ka shimfiɗa su a ɗaki mai iska a inuwa su sha iska tukuna. Kuma don Allah kar a kai na asali laminatin, zafin injin yana cinye tawada kuma ba ya warwaruwa. Ka ɗauka da waya da hasken rana, gaba da baya, saboda a bayan hoto ake rubuta wuri da shekara, sai ka wanke kwafi a shagon hoto, su ne za su zaga hannun yara masu maiƙon nama. Kuɗin wankin bai kai na katan ɗin lemo biyu ba in hotunan ba su da yawa, amma shi mutane suke jin ƙyashin biya.

Da ka sami takardu sai ka jera rayuwar aikin nasa a takarda ɗaya, ka daidaita ta da tarihin da kowa ya sani. In an ce ya je Kwango aikin kiyaye zaman lafiya, tsakanin 1960 da 1964 ne. Yaƙin basasa an fara 6 ga Yuli 1967, aka gama 15 ga Janairu 1970, shi ya sa ranar tunawa da mazan jiya take faɗowa 15 ga Janairu. Ka gano wace runduna yake: ta ɗaya ta Muhammadu Shuwa da ta gangaro ta Nsukka zuwa Inugu, ko ta biyu ta Murtala da ta bi ta birnin Benin zuwa bakin kogin Kwara, ko ta uku ta Adekunle da ta tashi daga nan Legas ta ruwa ta sauka Bonny, wadda Obasanjo ya karɓa a 1969. Labanon daga 1978 ne, Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, Agusta 1990, Saliyo ta biyo baya. In kuma kaka ne ɗan yaƙin Bama, wato ƙasar Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma ne suka je. Amfanin wannan, za ka ji wani kawu ya rantse Baba ya yi Kwango alhali takarda ta nuna a 1967 ya shiga Defo na Zariya, inda ake horar da kuratan soja. Kar ka ƙaryata shi cikin mutane, amma kar ka rubuta. Yaran da aka haifa a nan kuma ka gaya musu sojan Najeriya daga Legas ya samo asali, a 1863, da ƙaramar rundunar da ake kira Hausawan Glover, za ka ga sun gyara zama.

Yanzu ga wurin da ni na yi asara, kuma saboda shi na zauna rubutun nan.

Shekarar farko mun gayyato aminin Baba, wani tsoho da muke kira Baba Kofur, tare suka yi kurtu a Zariya, tare aka zuba su a jirgin ruwa. Duk duniya babu wanda ya san shekarun nan uku na rayuwar mahaifinmu kamarsa. Muka ɗauko shi a keke, muka zaunar da shi a tsakiyar rumfa gaban mutum kusan arba'in, aka miƙa masa makirfo, an ɗauke wuta janareta yana ta ruri a bayansa, wayoyi sun yi masa caa a fuska. Ya fara a hankali, yana maganar ranar da aka aske musu kai. Sai wani saurayi daga baya ya ɗaga murya, Baba, mutum nawa kuka kashe? Wasu suka yi dariya. Tsohon nan ya ajiye makirfo a cinyarsa, ya daɗe yana kallon ƙasa, ya ce Allah ya kyauta, ya nemi buta. Bai sake cewa uffan ba har aka mai da shi gida. Da dare na kunna abin da na naɗa, ƙarar janareta ce daga farko har ƙarshe. Na ce ba komai, baɗi za mu gyara. Kafin wata Sallar ya rasu. Wallahi har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi, domin abin da ya tafi da shi babu inda zan same shi.

Saboda haka ka ji da kyau: tsoho ba a taro ake tambayarsa ba. Kai za ka je ka same shi a ɗakinsa, kwana goma ko mako guda kafin Sallah, da hantsi lokacin da jikinsa yake da ƙarfi, kai da mutum ɗaya tak. Ka riƙe goro da ɗan abin shayi. Ka gaisa sosai, kar ka fito da waya sai hira ta zauna, sannan ka nemi izini: Baba, ina so jikoki su ji muryarka, in naɗa? Murya kawai, ban da bidiyo, tsofaffi da sun ga kyamara sai su koma jawabin fareti. Ka kashe layi don kar kira ya katse, a kashe fanka, wayar ta zauna kan matashi kusa da shi ba a hannunka ba. Ka naɗi minti ɗaya ka saurara tukuna.

Kar ka fara da yaƙi. Ka fara da ƙananan abubuwa: Baba, wa ya raka ku tasha ranar da za ku Zariya? Me ake dafa muku? Albashin farko me ka saya da shi? Wa yake rubuta muku wasiƙa zuwa gida? Ranar da kuka fara ganin teku yaya kuka ji? Wane suna abokai suke kiran Babanmu da shi? Hoto a hannu ya fi tambaya goma, ka miƙa masa ka ce wane ne wannan na gefen hagu, ka yi shiru. Shirun nan shi ne aikin, kuma shi ne ya fi wuya. In ya tsaya kar ka cike masa gurbi, kar ka ce sai me ya faru, ka bar shi, sau da yawa abin da zai faɗa bayan dogon shiru shi ne wanda bai taɓa gaya wa kowa ba. In ya kauce wa wata magana kai ma ka kauce. Tambayar kisa kuwa ba a yinta, ko da wasa, kuma ka ja wa samarin gida kunne tun kafin ranar. Minti arba'in ya isa, gara ka dawo sau uku da ka gajiyar da shi sau ɗaya. Kafin ka tashi ka tambaye shi wane ɓangare ya yarda a kunna wa yara, wane ne na tsakaninku, kuma ka riƙe amanar.

Kada kuma ka manta da Inna. Mu sai daga baya muka gane rabin labarin yana wurinta. Ita ta san yadda ake jiran wasiƙa wata da watanni, yadda magajiyar bariki take haɗa matan sojoji in an kawo mummunan labari, yadda ta riƙa sayar da ƙosai a kasuwar mami lokacin da yake Labanon, da rawar da ƙabila-ƙabila suke yi ranar WASA, bikin sojoji da iyalansu a ƙarshen shekara. Waɗanda suka zauna barikin Ikeja har zuwa Lahadi 27 ga Janairu 2002 da ma'ajiyar makamai ta fashe, iyayensu mata suna da labarin daren nan da ba za ka ji a bakin maza ba. Ita ma a ɗakinta, kuma 'yarta ko jikarta mace ta fi dacewa ta zauna da ita, wani abun ba za ta faɗa a gaban ɗa namiji ba.

Ranar taro abu ne mai sauƙi in ka yi waɗancan. A yi maganar kafin a kawo abinci, da tire ya sauka ka rasa yara. Tabarma ɗaya a shimfiɗa hula da lambobi da kwafin hotuna. Babban wa ya karanta takardar nan guda ɗaya, minti biyar, sannan a kashe janareta a kunna muryar tsoho a ƙaramar sifika, guntaye biyu ko uku da ka riga ka zaɓa. Tsohon in ya zo a zaunar da shi gefe cikin manya, babu makirfo, in ya ga dama da kansa zai ƙara. Yara su taɓa lambobi, su sa hula a yi musu hoto a cikin gida, amma kaki ba ya fita ƙofa, doka ta hana farar hula sa kayan soja kuma kun san yadda abin yake ƙarewa a titin Legas. A kiyaye harshe ma, maƙwabcinka Inyamuri da ka aika wa nama jiya wataƙila nasa uban a ɗaya ɓangaren ya mutu, ko yunwa ta kashe masa dangi, ba wurin kirari da alfahari ba ne. In za a yi addu'a a haɗa da abokan Baba da ba su dawo ba, da sunayensu in tsoho ya ba ka.

Daga nan abinci, a ware kwanon sadaka tun a tukunya kafin a fara zubawa. Kuɗin rumfa da kujeru a raba tsakanin 'ya'ya masu aiki, ban da zawarawa da ɗalibai. A sallami na nesa kafin Magariba. A daren nan kafin ka kwanta ka tura murya da hotuna ga mutum uku a gidaje daban-daban, ɗaya a arewa, ka sa wani kwafi a imel, saboda waya tana faɗawa ruwa kuma ana ƙwace ta a mota. Takardu na asali su koma akwati cikin leda mai zif, a ɗora akwatin kan katako kar ya taɓa siminti, a rubuta a gurup wanda yake riƙe da mabuɗi.