Yadda ake gane halin babbar lamba ba tare da kalkuleta ba

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Jihar Kaduna mutum 6,113,503. Da wannan lamba za mu yi aiki, mu gano waɗanne lambobi ne ke raba ta ba tare da saura ba. Biro da takarda sun wadatar.

Fara da wutsiyarta. Ta ƙare da 3, don haka mara ce, ba cika ba, 2 ba za ta raba ta ba. Haka ma 5, domin sai lamba ta ƙare da 0 ko 5. Wutsiyar ta kuma nuna cewa babu wata lambar da za a ninka da kanta a samu wannan, tunda irin waɗancan da 0, 1, 4, 5, 6 ko 9 kaɗai suke ƙarewa.

Sai ka tara alƙalumanta: 6+1+1+3+5+0+3, ka samu 19. Tunda 3 ba ta raba 19, ba ta raba uwar lambar ba, balle 9.

Mataki na uku shi ne mai daɗin, kuma ɗalibai da yawa ba su san shi ba. Yanka lambar uku-uku daga dama, yadda waƙafi ya riga ya yanka ta: 503, 113, 6. Ɗebe ta biyu daga ta farko, ka ƙara ta uku. 503 ban da 113 saura 390, a sa 6, ya zama 396. Duk wadda ta raba 396 a cikin 7, 11 da 13, to ta raba babbar lambar. Dalili kuwa, 7 sau 11 sau 13 daidai yake da 1001, wato dubu da ɗaya, shi ya sa gwaji ɗaya ke ɗaukar ukun. A nan 7 ta bar saura 4, 13 ta bar saura 6, amma 11 ta shiga sau 36 cif.

Ke nan 6,113,503 ba ta cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. 11 ce sau 555,773. Kada ka yarda da ni, ninka ka gani.

 

Saura 555,773. Maimaita mata gwaje-gwajen nan, sannan ka bi 17, 19, 23, 29 da 'yan'uwansu marasa rabuwa, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka wuce 745, domin 746 sau 746 ya zarce lambar. Da akwai mai raba ta sama da nan, da tuni abokiyar ninkinta ta bayyana a ƙasa. Wannan kam aiki ne mai tsawo, a nan ne ɗauko waya ko kwamfuta ya halatta.