Darasi na 9: Agwagwar da aka yi wa riƙon sakainar kashi, ta ina za ki fara?

Iyayena da yayyena 'yan aji, darasin yau kan agwagwa ne, irin tamu ta gida mai jan tsiro a fuska, wadda namijinta muke ce ma toro. Asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne amma ta daɗe a ƙasar nan har ta zama 'yar gida. Ba ta da kwakwazo, toron huci kawai yake yi, macen kuma ɗan kuka ƙasa-ƙasa, shi ya sa ko tana cikin wahala ba za ki ji ba sai kin duba da idonki.

Bara da hunturu ɗan ƙanena ya shigo min da wata rungume a ƙirji, ya ce "Gwaggo, mutanen gidan can da suka tashi ne suka bar ta ɗaure a bayan ɗaki." Wallahi da na karɓe ta kamar na ɗauki tsumma, ba nauyi ko kaɗan, gashin ya cukurkuɗe da kashi, idon ya liƙe, igiyar leda ta ci ƙafar har ta nutse cikin nama. Na tuna hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ba. Sai na yi maza na cika baho da ruwa, tunda ai agwagwa ce, ruwa take so. Surukata na zaune kan tabarma ta ce "Ke 'yar nan, ƙarasa ta za ki yi?" Kuma ita ke da gaskiya.

Ga dalili. A saman wutsiyar agwagwa akwai wani ɗan ƙullutu mai fitar da maiƙo, da baki take lakato shi tana shafe gashinta tana jera shi, shi ke sa ruwa ya zame ya bar ta a bushe. Wadda ta yi makonni ba wanka ba ƙoshi gashinta ya daina tare ruwa, kina saka ta a baho za ta jiƙe sharkaf har fata, sanyi ya kama ta, in ma ba ta da ƙarfi ta nutse a ruwan da bai kai gwiwarki ba. Toh ranar farko ba wanka. Ki sa tsumma da ruwan ɗumi ki goge ido da hanci da ƙasan wutsiya, shikenan, ki nema mata lungu mai ɗumi inda iska ba ta bugawa ki shimfiɗa busasshen buntun shinkafa da kauri, mu nan Kebbi buntu ba abin saye ba ne, daga Argungu har Yawuri duk inda injin casa yake tsibi ne. In ya jiƙe a kwashe a zuba sabo.

Wajen ɗauka ki haɗa fikafikan da jikinta ki tallafo ta ƙasa, kar a ɗaga ta ta ƙafa ko ta fiffike ɗaya kamar yadda ake yi a kasuwa. Ki yi hattara da farcen, kaifi gare shi, irin wannan agwagwar har bishiya take hawa.

Ruwan sha kafin abinci. Ki zuba ɗan sukari a ruwa mai tsafta ki tsoma bakinta ciki ki saki, za ki ga ta ɗaga kai ta haɗiye. Kar ki buɗe bakin ki ɗura, ƙofar numfashinta na nan gindin harshe, ruwa ya bi ta nan an gama. Kuma mazubin ya zama mai ɗan zurfi yadda kanta zai shige duka har ido, don da haka take wanke hanci da ido. Abin shan ruwan kaji marar zurfi bai ishe ta ba, yawancin agwagin da kike gani da ido a liƙe rashin wannan ne.

Yanzu abinci, kuma nan ne tausayi ke sa mu ɓarna. Ki shafa ƙirjinta, in kin ji ƙashin tsakiya ya fito tsini kamar bakin wuƙa ba tsoka dama da hagu, to ta daɗe da yunwa, cikinta ba zai ɗauki cin ƙoshi lokaci ɗaya ba. Bayan ta sha ruwa da 'yan awoyi ki dama dusa da ruwa-ruwa ki marmasa dafaffen ƙwai ciki, kamar cokali biyu ko uku, ki ba ta sau huɗu ko biyar a yini, kullum kina ɗan ƙarawa. Da ta fara karɓa sai ki shigo da tsakin gero ko dawa ko masara, da garin busasshen kifi marar gishiri, kan kifi da ɓurɓushin da masu sayarwa ke sharewa ma ya wadatar, sannan ki yayyanka zogale ko alayyafo ki watsa a kan ruwa, tafi son tsintarsa a haka. Gara ma in an samu tana so. Dusar shinkafa zalla cika ciki ce kawai ba ta mai da jiki. Kullum ruwa na gefen abinci domin ci take tana kurɓa, busasshen gari ba ruwa yana iya shaƙe ta, kuma a bar mata ɗan yashi mai tsakuwa tunda ba haƙori gare ta ba, da shi ƙundunta ke niƙa.

Abu ɗaya da nake roƙonku dan Allah, duk abin da ya yi funfuna kar a ce ai agwagwa ce komai ci take. Masarar ƙasan buhu da ta yi kore, ƙuli-ƙulin da ya sha damina, ruɓaɓɓiyar gyaɗa, akwai guba cikinsu mai lalata hanta kuma agwagwa ta fi kaza saurin kamuwa, balle 'ya'yanta. A Ingila a 1960 talotalo sama da 100,000 suka mutu, da aka bi diddigi abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa mai funfuna ne. Haka ruwan kwata da tsutsar mushe, su ke kawo ciwon nan da wuyanta zai saki ta kasa ɗaga kai.

Ƙafa kuwa, na sa reza a hankali na yanke igiyar, na riƙa wankewa da ruwan ɗumi da ɗan gishiri safe da yamma ina shafa aidin. Ban da kananzir, ban da baƙin mai, ƙona naman suke. In kin ga tafin ƙafar ya kumbura da baƙin ɓawo a tsakiya, ko tana numfashi baki buɗe, ko ta kwana biyu ba ta taɓa abinci ba, wannan ya wuce hannunki, a kai ta wurin malamin dabbobi. Al'adar nan ta fasa kafso ja da rawaya a zuba a ruwa ba awo ba ƙa'ida, ni dai ban yarda da ita ba. In malamin ya ba da magani ki tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwanta ko namanta.

Sai maganar ware ta, wadda ita ce mutane suka fi rainawa. Kar ta haɗu da kajinki da zabinki sai ta yi aƙalla mako biyu ita kaɗai, wata guda ya fi. Agwagwa na iya ɗauke da murar tsuntsaye tana yawonta lafiya lau, kaji kuma su zube. Cutar nan ta fara bayyana a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a jihar Kaduna kuma tun daga nan takan dawo. Kar garin neman gira a rasa ido. Ki fara ciyar da naki na gida, ita ce ta ƙarshe, kaskonta daban, ki wanke hannu da sabulu, yara kuma su yi haƙuri da wasa da ita tukuna. In tsuntsaye suka fara mutuwa bi da bi kar a yanka a ci, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Tawa sai da ta kwana takwas na ga ta juya wuya tana lakato maiƙon nan tana gyara gashi, ranar na zuba ruwa iya cinyarta a baho da hantsi, ba omo ba sabulu, ina tsaye a kanta minti kaɗan na fito da ita rana. Kullum haka har ruwan ya fara gangarewa a bayanta kamar kan ganyen gwaza. Wata biyu bayan nan na fito da safe na same ta a kan rumbu, dole na rage dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi, ɗaya kawai ake ragewa kuma ba a taɓa sabon gashi mai jini a gindi. Toro ma ban bari ya kusance ta ba sai da ta cika, don ya kusa ninka ta a nauyi, danne ta zai yi ya fama ƙafar.

Aikin gida. Kaza na kwanci kwana 21, irin wannan agwagwar kwana 35. Ki rubuta a littafinki mako nawa ke nan kowacce, kuma in agwagwa ta hau ƙwai ranar Laraba wace rana za ki fara sauraron 'ya'ya. Sannan ki rubuta abubuwa uku da ke gidanki yau waɗanda za ki iya haɗa mata abinci da su, ki zo da shi aji mai zuwa mu karanta tare.